Kamfani na neman durƙushewa, an ce za a rage ma'aikata: daga ina ƙungiya za ta fara?

Sabon_Wakili ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon waɗanda suka san harkar ƙwadago su warware mini wannan. A ce kamfani mai ma'aikata 240, ciniki ya ja baya, albashi ya fara makara. Sai hukumar gudanarwa ta kira shugabannin ƙungiya ranar Litinin, ta ce ranar Juma'a mutum 70 za su karɓi takardar sallama, har ma an riga an fitar da sunaye. Ta kuma ce wannan zaman da aka yi shi ne tuntuɓar da doka ta wajabta. Shin haka ake yi? Me ƙungiya za ta nema a rubuce, kuma ta wace hanya ake tantance wanda zai tafi da wanda zai zauna? Sannan idan da gaske kamfanin ba shi da kuɗi, yajin aiki zai haifar da ɗa mai ido kuwa?

Tsohon_Sakatare ya amsa:

Wa alaikumus salam Kwamared. Abin da aka yi ranar Litinin ɗin nan sanarwa ce. Tuntuɓa tana zuwa ne tun shawara ba ta zama hukunci ba, lokacin da maganar ƙungiya za ta iya rage yawan mutanen, ko ta ɗage ranar, ko ta sauya hanyar zaɓe. Da zarar sunaye sun fita, duk zaman da za a yi ihu ne bayan hari, kuma rigingimun rage ma'aikata da yawa a kan wannan gaɓar suke tashi.

Ma'aunin da ake komawa gare shi shi ne Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta shekarar 1982. Sashe na 13 ya ce idan mai kamfani yana tunanin sallamar mutane saboda matsin tattalin arziki, ko sauyin na'urori, ko sake fasalin aiki, to ya ba wakilan ma'aikata bayani a kan lokaci: dalili, yawan mutane da rukuninsu, da tsawon lokacin da za a ɗauka ana sallamar. Sannan ya ba su damar tattaunawa da wuri kan yadda za a kauce wa sallamar ko a rage ta, da yadda za a sassauta wa waɗanda abin ya shafa. Sashe na 14 ya ce a sanar da hukumar gwamnati da abin ya rataya a wuyanta. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu a kanta ba, don haka abin da za ka riƙe a kotu shi ne dokar ƙasarku da yarjejeniyar da ke tsakanin ƙungiya da kamfani. Fara da wannan ta biyun. Sau da yawa tana ba da abin da ya fi na doka, amma wakilai ba sa buɗe ta sai wuta ta kama.

Wa'adi ya bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, idan za a sallami mutum 20 zuwa 99 a wurin aiki guda cikin kwana 90, dole a fara tattaunawa aƙalla kwana 30 kafin mutum na farko ya tafi. Idan sun kai 100, kwana 45. A Amurka dokar WARN ta 1988 ta ɗora wa kamfani mai ma'aikata 100 zuwa sama ba da notis na kwana 60 kafin rufe masana'anta ko sallamar jama'a da yawa, amma notis ne kawai, dokar ba ta tilasta zaman tattaunawa ba. A Kenya wata guda ne ga ƙungiya da jami'in ƙwadago, a Gana wata uku. Dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 20, ta ce a sanar da ƙungiya dalili da girman ragin, ba ta faɗi adadin kwanaki ba, wanda shi ya sa abin da aka rubuta a yarjejeniyar ƙungiya yake da nauyi sosai a can. Kamfani mai mutum 240 da zai sallami 70 cikin kwana huɗu ya saɓa wa wa'adodin Birtaniya da Kenya da Gana.

Abin da zan ce a yi tun ranar Litinin ɗin, kafin a tashi daga aiki: a rubuta wasiƙa, a kai ta hannu da hannu, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kwafin ƙungiya. Wasiƙar ta ce ƙungiya ba ta ɗauki zaman da aka yi a matsayin tuntuɓa ba, tana neman a janye jerin sunaye, a dakatar da raba takardu, a sa ranar zama. A tura kwafi ga ofishin ƙwadago na gwamnati. Dalilin gaggawar shi ne idan aka yi shiru, kamfani zai rubuta nasa bayanin taron ya ce an zauna an fahimci juna, kuma wannan takardar ce alƙali zai gani bayan shekara guda. Kowane zama da za a yi daga baya, ƙungiya ta sa mutum biyu su rubuta abin da aka faɗa, a karanta, ɓangarorin biyu su sa hannu. A kula da takardar halartar taro ma: kar a sa hannu a farar takarda da ba a rubuta kanun taron a samanta ba, don ana iya maƙala ta a bayan wani rubutun a ce amincewa ce.

Wajen neman bayani, jerin da ke sashe na 189 na dokar hulɗar ƙwadago ta Afirka ta Kudu ta 1995 ya dace a kwafa ko a wace ƙasa mutum yake. Ya haɗa da dalilin sallamar, hanyoyin da kamfani ya duba kafin ya kai ga sallama da abin da ya sa ya watsar da kowace, yawan mutane da rukunin aikinsu, hanyar zaɓe, lokaci, kuɗin sallamar da ake shirin bayarwa, taimakon da za a yi wa masu tafiya, yiwuwar sake ɗaukarsu, da yawan waɗanda aka sallama ta irin wannan hanya a watanni 12 da suka wuce. Wannan na ƙarshen yana tona wata dabara da kamfanoni ke yi, wato su riƙa sallamar mutane kaɗan-kaɗan, 15 yanzu, 18 bayan wata huɗu, don kar su kai adadin da ke tayar da dokar tattaunawa. Akwai kuma dabarar raba lissafi reshe-reshe. Lokacin da shagunan Woolworths suka durƙushe a Birtaniya a ƙarshen 2008, ma'aikatan manyan rassa sun samu diyyar rashin tuntuɓa, amma sama da mutum 3,000 da ke rassan da ba su kai mutum 20 ba sun tashi a tutar babu. Ƙungiyar ma'aikatan shaguna, USDAW, ta bi maganar har kotun Tarayyar Turai, a 2015 kotun ta ce ana iya ƙirga kowane reshe da kansa. Saboda haka idan ana sabunta yarjejeniya, a rubuta ƙarara cewa ana ƙirga ma'aikatan kamfani gaba ɗaya.

Mai_Lissafi ta amsa:

Malam Sakatare ya gama da maganar wa'adi, ni kan kuɗi zan tsaya, domin kalmar "ba mu da kuɗi" iri uku ce, kuma kowace da maganinta. Akwai kamfanin da ke cin riba amma kuɗin hannu ya yanke masa saboda masu saye ba su biya ba. Akwai wanda ke faɗuwa a sashe guda, sauran sassan suna lafiya. Akwai kuma wanda bashi ya fi ƙarfin kadarorinsa. Na farko jinkiri yake buƙata, na biyu sauya wa mutane wurin aiki, na uku kuwa tsere ne da lokaci don a fitar da haƙƙin mutane kafin masu bin bashi su kulle ƙofa. Ba za a san wanne ake ciki ba sai an ga takardu.

A nemi rahoton kuɗi na shekara uku wanda odita na waje, wato mai binciken lissafin kuɗi, ya sa wa hannu, da lissafin wata-wata na bana, da hasashen shiga da fitar kuɗi na watanni masu zuwa, da jerin basussuka tare da abin da aka jinginar a kan kowane. Idan suka ce sirrin kasuwanci ne, ƙungiya ta yarda akanta ɗinta da mutum biyu su sa hannu kan alƙawarin riƙe sirri. Da wannan uzurin ya faɗi. A rahoton, a fara karanta ra'ayin odita, a ga ko ya nuna shakku kan cewa kamfanin zai iya ci gaba da aiki. Daga nan a duba mu'amala da kamfanonin da mai su ɗaya ne. Reshe yana iya nuna asara a takarda saboda uwar kamfani tana cire kuɗin gudanarwa, ko kuɗin amfani da suna, ko ruwa mai tsada a kan bashin da ita ta ba shi. A duba ko an raba riba ga masu hannun jari ko an ƙara wa daraktoci alawus a shekarar da ake kukan asara. A kuma lissafa kaso nawa albashin mutum 70 ɗin yake cikin dukan kashe-kashen kamfani. Idan matsalar tsadar makamashi ce ko ruwan bashin banki, sallamar ba za ta toshe ramin ba, za a dawo da wani jerin sunayen bayan wata shida.

Wajen kuɗin sallama, doka tana ba da mafi ƙanƙanta ne. Afirka ta Kudu albashin mako guda kan kowace shekarar da aka cika, Kenya albashin kwana 15, Birtaniya kuma ya danganta da shekarun haihuwa: rabin mako ga shekarun da aka yi ƙasa da 22, mako guda daga 22 zuwa 40, mako ɗaya da rabi daga 41, ba a ƙirga fiye da shekara 20, kuma akwai iyaka kan albashin makon. Najeriya ba ta sa adadi ba, ta ce mai kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasanta biya. Inda ake yi wa wakilai wayo shi ne ma'anar albashi. A ce tushen albashin mutum kashi 40 ne cikin 100 na abin da yake karɓa, saura alawus na gida da sufuri da sauransu. Wata guda kan kowace shekara a kan tushen albashi bai kai mako biyu a kan cikakken albashi ba. Wakili zai fito yana murna ya samo wata guda, alhali tayin mako biyu ya fi shi tsoka. A rubuta ma'anar a cikin yarjejeniya, tare da misalin lissafin mutum guda da alƙaluma. A rubuta yadda za a yi da guntun shekara, misali shekara 7 da wata 9. A ware kuɗin notis, da kuɗin hutun da ba a ci ba, da bashin albashi, da garatuti, kowane a layinsa, don kar a dunƙule su a ce shi ne kuɗin sallama.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kuɗin da aka cire daga albashi ba a kai inda ya kamata ba: fansho, haraji, kuɗin ƙungiya, kuɗin adashin ma'aikata. Kamfanin da ke cikin matsi da su yake fara toshe ɓaraka, takardar albashi tana nuna an cire, asusun mutum babu komai. Kowane ma'aikaci ya nemi bayanin asusun fanshonsa yanzu, a haɗa giɓin, a sa shi cikin abin da za a biya.

Sai biyan kashi-kashi. Kamfani mai rauni zai ce zai biya cikin wata 12. Idan ya durƙushe a wata na uku, ragowar ta zama bashi a cikin layin masu bin bashi. Gaskiya ne dokokin ƙasashe da yawa suna fifita haƙƙin ma'aikata, kuma Yarjejeniyar ILO mai lamba 173 ta 1992 ta ce fifikon ya rufe aƙalla albashin wata uku kafin durƙushewa, da kuɗin hutu, da kuɗin sallama. Amma a wurare da yawa bankin da aka jinginar masa da fili ko injina shi ke fara ɗaukar kuɗin wannan kadarar, kuma wanda aka naɗa ya sayar da kayan shi ma sai ya cire ladansa. Ƙasashen Tarayyar Turai suna da asusun lamuni da ke biyan ma'aikata idan kamfani ya karye, a Jamus albashin wata uku na ƙarshe. Inda babu irin wannan asusun, kar a karɓi romon baka. Ko a biya kaso mafi girma ranar tafiya, ko a zuba kuɗin a asusu na musamman da ba a cirewa sai da sa hannun ɓangarorin biyu, ko banki ko uwar kamfani su tsaya a rubuce. A ƙara sharaɗin cewa idan aka tsallake biya guda, duk ragowar ta wajaba nan take. Kuma kar kowa ya sa hannu kan takardar "na karɓi dukan haƙƙina" kafin kuɗin ya shiga asusunsa.

Ɗan_Shifti ya amsa:

Godiya Hajiya. Kan zaɓen masu tafiya, ni ina goyon bayan tsohuwar ƙa'ida: wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya. Ranar ɗaukar aiki tana cikin fayil, ba wanda zai murɗe ta. Dokar Najeriya ma ita ta ɗauka, a cikin kowane rukunin ma'aikata, sai dai ta ƙara cewa a yi la'akari da ƙwarewa da iyawa da riƙon amana, kuma ta wannan ƙofar ce son rai ke shigowa. Da zarar an ce manaja ya ba da maki kan "halayya" ko "haɗin kai", za ka tarar masu yawan magana a taron ƙungiya su ne suka faɗi. Yarjejeniya ta 158, sashe na 5, ta hana sallama saboda zama ɗan ƙungiya, ko wakilcin ma'aikata, ko juna biyu, ko hutun haihuwa. Hanyar gane an karya wannan mai sauƙi ce: a ɗauki jerin 70 ɗin, a ƙirga wakilai nawa ne, mata masu ciki ko masu jego nawa, waɗanda suka taɓa kai ƙara nawa, a kwatanta da kasonsu cikin 240.

Tsohon_Sakatare ya sake amsawa:

Ban ƙi taka ba Kwamared, amma ƙa'idar tana da nata lahani. Ita kaɗai tana kwashe matasa, da matan da suka shigo aikin daga baya, wani lokaci da mutum biyun da su kaɗai suka iya sabon injin. A ƙasashen da suka haramta wariyar shekaru, kamfani na iya shiga matsala idan ya dogara da ita kaɗai. Jamus ta bi wata hanya: tsawon aiki, shekarun haihuwa, nauyin iyalin da ke kan mutum, da naƙasa mai tsanani, su huɗun ake aunawa. Idan za a yi amfani da maki, ƙungiya ta tsaya kan abubuwa kaɗan. A amince da ma'aunin kafin a ga sunaye. Kowane maki ya kasance yana da takardar da ke bayansa, kamar shaidar horo ko gargaɗin da bai ƙare wa'adinsa ba. Kar a ƙirga hutun haihuwa ko jinyar raunin da aka ji a wurin aiki cikin fashin aiki. Mutum biyu su ba da maki, kowa ya ga nasa, a kuma ba shi kwanakin ɗaukaka ƙara a gaban wanda bai sa hannu a makin farko ba.

Kafin ma'aunin ma akwai maganar rukunin da za a zaɓa daga ciki. Idan kamfani ya ce rukunin shi ne "layi na uku" kawai, alhali masu layi na ɗaya da na biyu aiki iri ɗaya suke yi, to ya riga ya zaɓi mutanensa ta hanyar zana iyaka. A faɗaɗa rukunin ya haɗa duk masu aikin da za su iya musanya juna. Sannan a fara da neman masu son tafiya da kansu a kan ƙarin kuɗi. Sau da yawa wannan kaɗai yana rage adadin sosai.

Mai_Sasanci ya amsa:

Saura tambayar yajin aiki. Yajin aiki yana ciwo ne idan kamfani yana da odar da yake tsoron rasawa. Masana'antar da kaya suka cika mata sito ba mai saye, idan aka tsayar da aiki an rage mata kuɗin wuta ne, kuma inda ake bin ƙa'idar ba aiki ba biya, an ɗauke mata albashin waɗannan kwanakin. Ana iya ba banki hujjar da yake jira ya ƙwace kadarori. Don haka a fara tambaya: wace oda ce ke kan layi, wane mai saye ne ba ya son sunansa ya fito a rigima, wane mai zuba jari ake lallashi. Nan ne ƙarfin ƙungiya yake. Kuma a bi matakan doka daki-daki, wato sanar da taƙaddama, zaman sulhu, ƙuri'ar 'yan ƙungiya inda ake buƙata, da notis, domin yajin da bai cika sharaɗi ba yana iya mayar da mai jiran kuɗin sallama wanda aka kora kan laifi. Afirka ta Kudu ta ba da damar yajin aiki kan babban ragi a kamfanin da ya haura mutum 50, bayan wa'adin kwana 60 idan an naɗa mai shiga tsakani daga hukumar sasanta rikicin ƙwadago ta ƙasar, wato CCMA. Wasu ƙasashen kuwa da zarar an miƙa taƙaddama ga sulhu ko kotu, yajin ya haramta.

Abin da ya fi yajin tasiri a irin wannan hali shi ne ƙungiya ta zo da nata tayin da alƙaluma. Shawarar ILO mai lamba 166 ta jero hanyoyin: dakatar da ɗaukar sabbi, barin guraben masu ritaya ba a cike ba, sauya wa mutane sashe, sake horarwa, ritayar son rai, rage aikin ƙarin lokaci, rage sa'o'in aiki. A ƙarshen 1993 kamfanin motoci na Volkswagen da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta Jamus, IG Metall, sun sauke makon aiki daga sa'a 36 zuwa 28.8 tare da ragin albashi, a maimakon sallamar kusan mutum 30,000. Idan za a yarda da ragin albashi ko sa'o'i, a sa masa ranar ƙarewa, a rubuta cewa ba za a sallami kowa a cikin wa'adin ba, manyan ma'aikata su ma a rage nasu, kuma idan daga baya aka yi sallama a lissafa kuɗin a kan tsohon albashi. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ake yawan mantawa, sai mutum ya yi haƙurin wata shida da guntun albashi, sannan a sallame shi a kan guntun.

A sani kuma cewa wasu kamfanonin da gangan suke tsallake doka idan sun lissafa tarar ta fi musu sauƙi. Ranar 17 ga Maris 2022 kamfanin jiragen ruwa na P&O Ferries ya sallami ma'aikata 786 ba tare da tattaunawa ba, aka maye gurbinsu da 'yan kwantiragi masu arha, kuma shugabansa ya amsa a gaban kwamitin majalisar Birtaniya cewa sun san wajibi ne su tuntuɓi ƙungiyoyi, suka zaɓi kada su yi. A Beljiyam, rufe masana'antar Renault ta Vilvoorde a 1997 ba zato, da ma'aikata kusan 3,100, shi ya jawo dokar 1998 da ta tsaurara matakan tuntuɓa. Saboda haka idan dokar ƙasarku ta ba da damar neman umarnin kotu na dakatar da sallama har a kammala tattaunawa, lauyan ƙungiya ya shigar da buƙatar kafin Juma'a, domin bayan an raba takardu abin da ake samu galibi diyya ce, ba komawa aiki ba. A yarjejeniyar ƙarshe kuma a sa cewa idan aiki ya dawo cikin wata 12 ko 24, waɗanda aka sallama za a fara kira, kuma ba za a ba 'yan kwantiragi guraben nasu ba. Ƙungiya ta riƙe jerin sunayensu da lambobin wayarsu, ta riƙa duba rajistar sabbin ɗauka duk wata uku.